Aiki da rana, aji da dare: abin da digiri ke sauyawa a rayuwar ma'aikaci

Da yamma, lokacin da ma'aikatu ke tashi a Yamai, akwai ma'aikatan da ba gida suke nufa ba. Wasu kan hau babur su haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, wasu kuma su nufi makarantu masu zaman kansu da ke buɗe azuzuwan dare a unguwannin birnin. A jakarsu akwai takardun ofis da littafin ɗaukar darasi. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Malamin firamare, ma'aikaciyar jinya, akawun kamfani da jami'in ofishin magajin gari kan zauna benci ɗaya da yaran da ba su wuce sa'annin ƙannensu ba, wani lokacin ma sa'annin 'ya'yansu.

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma waɗannan azuzuwan na tabbatar da haka kowane dare. Sai dai abin da ke biyo bayan karatun bai zama iri ɗaya ga kowa ba. Abokan aiki biyu kan karɓi diplom ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya ga matsayinsa da albashinsa sun ɗaga, ɗayan ya rataye takardar a bango ya ci gaba da karɓar abin da yake karɓa shekara biyar da suka wuce. Yawanci abin da ya bambanta su ya faru tun kafin su biya kuɗin rajista: wace makaranta aka zaɓa, wane fanni aka karanta, kuma da izinin wa aka fara.

Abin da ke maida mutum aji

A aikin gwamnatin Nijar, takardar da mutum ya shigo da ita ce ke nuna masa wurin zamansa. Dokar ma'aikata ta shekarar 2007 ta kasa ma'aikata rukuni huɗu: A, B, C da D. Masu takardun karatun gaba da sakandare ne ke shiga rukunin A, wanda shi ma ya rabu gida uku, A1 a sama, sai A2, sai A3. Kowane rukuni yana da nasa tsanin maki, wanda ma'aikata ke kira andis, kuma da wannan makin ake lissafa albashi.

Ma'aikaci yana hawa a cikin rukuninsa gwargwadon shekarun aiki, to amma tsanin yana da ƙarshe. Wanda ya shigo da takardar BEPC ko ta BAC yana iya shafe shekara ashirin, ya san aikin ciki da waje, sannan a turo masa matashi mai digirin masta a matsayin shugaba, kuma shi ne zai koya wa sabon shugaban yadda ake tafiyar da ofishin. Wannan takaicin na cikin manyan abubuwan da ke maida mutane aji. Akwai kuma tunanin ritaya, domin fansho yana bin matsayin da mutum ya tsaya a kai. Wanda ya sauya rukuni yana da shekara arba'in zai ci moriyar sauyin har bayan ya ajiye aiki.

A kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ma labarin bai sauya sosai ba. Duk wanda ke duba sanarwar ɗaukar ma'aikata, ko a allon hukumar ANPE ko a intanet, ya saba da layin da ke cewa BAC+3 ko BAC+5, wato shekara uku ko biyar na karatu bayan BAC. Sau da yawa wannan layin ne ake fara tace takardu da shi, kafin a kai ga duba ƙwarewar mai nema. Mutum na iya cika dukan sauran sharuɗɗan, a ajiye takardunsa gefe saboda layi ɗaya.

Jami'a ta matso kusa

Shekaru da dama, mai son karatun jami'ar gwamnati a Nijar ba shi da zaɓi sai Yamai. An kafa cibiyar karatu mai zurfi a can a 1971, ta zama jami'a a 1973, sannan a 1992 aka sa mata sunan masanin kimiyya Abdou Moumouni Dioffo. Ga ma'aikacin da ke Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 900 daga babban birni, komawa karatu na nufin barin iyali da wurin aiki baki ɗaya.

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, waɗanda yanzu ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo da Djibo Hamani da André Salifou. A 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Doso da Tilaberi, adadin ya kai takwas. A gefe guda kuma makarantu masu zaman kansu sun yawaita, kuma su ne suka fi tsara darussansu daidai da lokacin ma'aikata, da dare ko a ƙarshen mako.

Tsarin karatun shi ma ya sauya. Tun bayan da ƙungiyar UEMOA ta amince da tsarin LMD a 2007, jami'o'in yankin suka koma matakai uku: lisans shekara uku, masta shekara biyu, sai dokta shekara uku. Ana auna karatun da maki da ake kira kiredi. Lisans na buƙatar kiredi 180 a zango shida, masta kuma 120 a zango huɗu. Abin da ya fi amfanar ma'aikaci a wannan tsari shi ne darasin da ya ci ya zama nasa. Idan rashin lafiya ko sauyin wurin aiki ya katse masa shekara, yana iya dawowa ya ɗora a kan abin da ya tara.

Wanda bai samu BAC ba tun yana yaro ma yana da hanya. Kowace shekara akwai manyan da ke zana jarrabawar a matsayin 'yan takara masu zaman kansu, waɗanda ake kira kandida libir, kuma daga nan wasu ke wucewa jami'a.

Aiki biyu a wuyan mutum ɗaya

Lissafin lokaci kaɗai ya isa ya nuna nauyin abin. A tsarin LMD, kiredi ɗaya na daidai da aikin ɗalibi na awa 20 zuwa 25, idan aka haɗa zaman aji da bitar gida. Zango ɗaya mai kiredi 30 ya kama awa 600 ke nan zuwa 750. Idan aka raba wannan a kan makonnin zango, abin ya kai awa 40 a mako ko ya zarce, kuma awa 40 ɗin ita ce tsawon makon aiki a dokar ƙwadago. Ma'aikacin da ya shiga cikakken karatu ya ɗauki aiki biyu, ɗaya ana biyansa, ɗaya shi ke biya.

Daga wani wuri ake yanko waɗannan awoyin. Barci ne ke fara raguwa, sai zaman fada da shan shayi da abokai, sai zuwa suna da biki da gaisuwar rasuwa, waɗanda rashin halartarsu ke jawo ƙorafin dangi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke tsananta kuma wuta ke yawan ɗaukewa, bitar dare kan koma ta hasken waya. Idan jarrabawa ta faɗo cikin azumi, mutum kan tashi daga aiki ya sha ruwa a bakin aji.

Ga mata nauyin ya fi haka. Ma'aikaciyar da ke da aure da yara tana komawa gida ta tarar da girki da raino suna jiranta, ga batun fitar dare da dawowa a makare, wanda ba kowane miji ko dangin miji ke yarda da shi ba. Waɗanda ke kai wa ƙarshe galibi suna da wanda ya tsaya musu, miji ko uwa ko ƙanwa da ke riƙe yara a ranakun darasi. Zama a daidaita da mutanen gida tun kafin farawa yana cikin shirin karatun, kamar yadda neman kuɗin makaranta yake.

Kuɗin kuma ba na rajista kaɗai ba ne. Akwai man babur, fotokofi, datar intanet, kwamfuta, sannan a shekarar ƙarshe ga kuɗin binciken kammalawa da buga shi da ranar kare shi a gaban malamai. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata tun farkon 2024, mafi yawan masu karatun dare da adashe ko bashin banki suke biya. Jami'ar gwamnati ta fi sauƙin kuɗi a karatun yau da kullum, amma jadawalinta an yi shi ne domin ɗaliban da ba su da wani aiki, kuma yajin aikin malamai da na ɗalibai ya sha sa shekarun karatu hawa kan juna. Lisans ɗin shekara uku na iya cin huɗu ko biyar.

Takardar da ake nema kafin farawa

A nan ne ma'aikatan gwamnati da yawa ke tuntuɓe. Samun sabon diplom ba ya sauya wa mutum rukuni kai tsaye. Hanyar da doka ta sani ita ce ma'aikaci ya ci gasar cikin gida da ake shirya wa masu aiki, wadda aka fi sani da kwankur frofesiyonel, ko kuma hukuma ta ba shi izinin tafiya karatu a rubuce, abin da ake kira shiga matsayin istaj. Wannan izinin yana bi ta hannun shugabanninsa har zuwa ma'aikatar da ke kula da ma'aikatan gwamnati, kuma yana da sharuɗɗa, ciki har da shekarun da mutum ya yi yana aiki da dacewar karatun da aikin da aka ɗauke shi.

Wanda ya bi wannan hanya, idan ya kammala ya kawo takardarsa, yana da hujjar neman a sake masa matsayi. Wanda kuwa ya yi karatunsa a ɓoye, da kuɗinsa da darensa, ba tare da kowace takarda daga hukuma ba, yana iya tarar da cewa diplom ɗin na gaskiya ne amma ba ya ba shi haƙƙin komai a wurin aikinsa. Wasu kan ɓoye ne saboda tsoron kada shugaba ya hana, ko kada abokan aiki su sa ido. Ɓoyon na ba da kwanciyar hankali a shekarar farko, ya zama asara a shekarar ƙarshe.

Fanni ma yana da tasiri. Malamin makarantar da ya bi ta babbar makarantar horas da malamai ta ENS, ko ma'aikaciyar jinyar da ta ƙaro karatu a fannin lafiyar al'umma, suna hawa ne a kan tsanin da suke kai. Malamin da ya karanto harkar kasuwanci ya samu ilimi mai amfani, amma zai yi wuya ma'aikatar ilimi ta ga dalilin ƙara masa matsayi a kansa. Irin wannan karatun ya fi dacewa da wanda ya riga ya yanke shawarar sauya sana'a.

Malaman kwantaragi na cikin wani hali na daban. Tunda ba su da lambar cikakken ma'aikaci, babu rukunin da za a ɗaga su a ciki. Amfanin digiri a gare su yana zuwa ne ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata ko wata gasa, domin takardar da suka gabatar a ranar ce za ta nuna matakin da za su fara. Su kuma sai sun riƙa lura da iyakar shekarun haihuwa da ake gindayawa a gasannin shiga aiki.

Wace makaranta, wane diplom

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko hukuma ta san makarantar, kuma ko ta amince da wannan fannin da ake koyarwa a cikinta. Makaranta na iya samun izinin buɗewa alhali wani daga cikin fannoninta bai samu amincewa ba. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ce ke da wannan bayani, kuma zuwa a tambaya ba ya cin ko dala. Akwai kuma hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, da ke tantance diplom ɗin ƙasashe mambobinta. Amincewarta na sauƙaƙa wa mai takarda neman aiki ko ci gaba da karatu a wata ƙasar. A matakin BTS kuma akwai bambanci tsakanin takardar da makaranta ke bayarwa da kanta da BTS na gwamnati, wanda ake samu ta jarrabawar ƙasa.

Abin da ya faru a makwabta ya isa darasi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya wallafa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Ma'aikacin da lokaci ya yi wa ƙaranci shi ne ya fi saurin faɗawa tarkon masu alkawarin digiri cikin 'yan watanni, kuma idan asiri ya tonu, aikin da yake da shi ma yana iya salwanta.

A kamfani da ƙungiya

A wajen gwamnati babu wanda ke tilasta wa mai kamfani ƙara albashi don ma'aikacinsa ya kawo sabuwar takarda. Ana biyan mutum ne a kan muƙamin da yake riƙe da shi. Ribar digiri a nan tana zuwa ne lokacin da aka buɗe gurbin da ya fi nasa, a cikin gidan ko a wani wuri, ya samu damar nema. Mutane da yawa sai sun sauya wurin aiki suke ganin amfanin karatunsu.

A wannan fagen tsohon ma'aikaci yana da abin da sabon ɗalibi ba shi da shi. Sanarwar da ke neman BAC+5 kusan kullum tana haɗawa da shekarun ƙwarewa. Matashin da ya fito jami'a jiya yana da takarda ba ƙwarewa, tsohon ma'aikaci yana da ƙwarewa ba takarda, wanda ya haɗa biyun kuwa ya shiga sahun da ba shi da cunkoso. Masu dabara kan zaɓi batun binciken kammalawarsu daga matsalar da suke gani kullum a wurin aiki, kamar yadda ake sarrafa kayan ajiya, ko dalilin da ke sa mata daina zuwa awon ciki a wata gunduma. Binciken ya fi sauƙi tunda bayanan na kusa, kuma shugabanni na ganin amfaninsa da idonsu.

Mazauna ƙetare

Ga 'yan Nijar da ke aiki a Najeriya, Ghana, Kodebuwa, Aljeriya, Turai ko Amurka, karatu daga nesa ya buɗe ƙofar da a da ba ta nan. A Najeriya akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN, mai cibiyoyi a jihohi, ciki har da Kano da Katsina, wadda ba ta da nisa da Maraɗi. A can ne tsohon shugaban ƙasar, Olusegun Obasanjo, ya samu digirin dokta yana da shekara 80. Ga masu Faransanci kuma, hukumar jami'o'in ƙasashe masu amfani da harshen, AUF, tana tallata darussan nesa na jami'o'i daban-daban.

Wanda ke da niyyar dawowa gida da takardarsa sai ya tuna da matakin daidaita diplom. Takardar da aka samo a waje, ta Turanci ce ko ta Larabci, tana buƙatar a tantance ta a nuna matakin da ta yi daidai da shi a tsarin Nijar, kuma hukumar OBEECS, wadda ke shirya jarrabawar BAC, tana da wannan aiki a cikin ayyukanta. Adana takardun sakamakon kowace shekara, da shaidar rajista, da bayanin darussan da aka yi, yana rage wahala a ranar. Mutum na iya dawowa da digirin kirki daga Masar ko Ghana ya yi watanni yana zirga-zirga saboda takarda ɗaya da ya baro a can.

Abin da ba ya fitowa a takardar albashi

Akwai ribar da ba a lissafa ta da sefa. Ma'aikacin da ya koyi rubuta rahoto mai tsari, ko karanta alƙaluma, ko kare ra'ayinsa a gaban malamai, yana shiga taro da wata natsuwar da ba shi da ita a da. Ajin dare kuma wuri ne da ma'aikacin banki ke haɗuwa da na asibiti da na ƙungiya, kuma labarin gurbin aiki ya sha fitowa daga irin wannan zumuncin. A gida ma, yaron da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa da littafi bayan sallar isha ba ya buƙatar doguwar nasiha a kan karatu.

Duk da haka, mai iyali da ke shirin cire kuɗin makaranta daga abincin gidansa na tsawon shekara uku yana da haƙƙin sanin abin da zai samu. Amsar na wurare uku da ake iya zagayawa cikin mako guda: ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinsa, domin jin sharuɗɗan izini da na sake matsayi, ma'aikatar ilimi mai zurfi, domin tabbatar da makarantar da fannin, sai zauren gidansa, inda za a amince da wanda zai ɗauki nauyin da zai ajiye. Ana buɗe rajista kowace shekara, kuma wanda ya jinkirta zango ɗaya don ya kammala wannan zagayen bai yi asarar komai ba.